Kujerun Falo da Magen Kakarki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Fezzan, Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wushe, uwata. Ina fata kin tashi lafiya, ke da gwaggonki Hajja Bintu da duk mutanen gidan Abbaganaram. Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare ki a hanyar Gombe bayan biki, ya sa gidan da za ki shiga ya zame miki wurin hutawa.

Mamanki ce za ta miƙo miki wannan takarda. Tun da aka ɗauke ki zuwa can don gyaran jiki aka ce maza ba sa ganinki sai an gama dilka. Ni kuwa ko an bar ni na shigo, ba na jin bakina zai iya faɗin abin da ke ciki. Kin san halina. A kasuwar Gamboru ina iya wuni ina cinikin wake da murya sama, amma in zauna gaban 'yata in ce na yi kuskure, sai harshe ya yi min nauyi.

Ranar da kika kawo wayarki kika nuna min hoton kujerun da kike so a kai miki falo, gwaggonninki suna zaune, ƙannenki suna tsaye. Na duba sau ɗaya na ce, "Wannan ba za ta shiga gidanki ba." Na faɗa da tsawa, kamar kin yi wani laifi. Kika ce, "To, Baba," kika sa wayar cikin laffaya kika fita. Daga baya mamanki ta gaya min kin ɗauka ƙyashin saya miki nake yi. Ba haka ba ne. Ba ki yi laifin komai ba, kuma kujerun suna da kyau. Abin da ya faru shi ne na taɓa mallakar irinsu sak, ja mai duhu da furannin zaren zinariya da suka taso sama, kuma ganinsu ya tayar min da abin da na daɗe ba na son tunawa. Tun da kin ce da magenki Madara za ki tare, dole in gaya miki abin da na sani. Da tsada na koye shi, kuma yawancin tsadar wasu ne suka biya, ba ni ba.

Kafin a haife ki, shekarar da wake ya yi mana albarka, na gina wannan gida muka taso daga gidan gado na Abbaganaram. Mahaifina ya riga ya rasu, idon mahaifiyata Ya Kaltum, wadda kika ci sunanta, shi ya sa muke kiranki Yagana, ya fara mutuwa. Na ce ta biyo mu. Ta zo da akwatin ƙarfe guda, da tabarmarta, da wata mage baƙa mai farin wuya a cikin kwando. Ba ta sa mata suna ba, ngam kawai take kiranta, wato mage da Kanuri. A ƙafafunta take kwana. In magen ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, Ya Kaltum ta san wani yana zuwa, sai ta gyara mayafi. Da rana in kowa ya fita, da ita take hira. Na sha tsayawa a bakin ƙofa ina jin tana ba ta labarin mutanen da suka daɗe da mutuwa.

A lokacin ne na sayo kujerun nan. Ba don zama na saye su ba, gaskiya. Na saye su ne don abokan kasuwa su shigo su ga ni Modu na zama wani abu. Ranar da aka sauke su, Ya ta shafa hannu a kai ta ce, "Wannan zaren yana kama yatsa." Na yi dariya na ce ai shi ne adon.

Abin da ya kama yatsar tsohuwa ya kama farcen mage. Kullum da safe in ta fito ta yi miƙa, kusurwar hannun kujera take nufa, ta kafa farata ta ja. Kafin wata ya zagayo, zare ya fara zubowa kamar gemun masara. Ina yankewa da almakashi, yana ƙara fitowa. Wata Juma'a bayan masallaci na gayyato abokaina cin abinci. Ɗaya daga cikinsu, Alhaji Goni, mutum ne mai barkwanci, ya kama wani zare ya ja, zaren ya yi ta biyo shi har fure guda ya warware. Ya ce, "Modu, kujerar taka ta riga ka tsayar da gemu." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma dariyar yaƙe ce.

Washegari da safe na kama magen na sa ta a buhun wake na ɗaure a bayan babur, lokacin ba a hana babur a gari ba. Na wuce kasuwar shanu can gaba, inda gidaje suka ƙare, na kwance buhun. Ba ta gudu ba. Ta fito ta zauna tana kallona. Na hau babur na tafi kasuwa, na yi cinikina har yamma.

Da na dawo na shiga gaida Ya, ta ce, "Modu, ngam ɗina ba ta shigo ba yau."

Na ce, "Wataƙila ta bi muzuru, Ya. Za ta dawo."

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Buhun da ka fita da shi da safe kuka yake yi. Idona ne ya mutu, kunnena yana nan."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi min baki ba, ba ta ma sake tayar da maganar ba. Amma ta daɗe tana zuba madara a murfin kwano tana ajiyewa a bakin ƙofarta, mamanki tana zubarwa in ta yi tsami. Na koma wurin na duba ba sau ɗaya ba, na tambayi masu kiwo, babu wanda ya gan ta. Na kawo wa Ya wata 'yar kyanwa, ta shafa ta ta ce a mayar wa uwarta. Daga ranar kuma ba ta sake taka falon ba. In na ce ta zo ta zauna a kan kushin ta huta, sai ta ce, "Falonka na baƙi ne." A tabarmarta ta karɓe ki ranar suna, a tabarmarta ta yi jinya. Na roƙe ta gafara kafin ta rasu, ta ce ta yafe tuntuni, kuma na yarda ta yafe. Yafiyar ba ta cire min kunyar ba. Mace mai rabin gani, na raba ta da abin da ke ɗebe mata kewa saboda wani ya yi wa kujera dariya.

Kujerun ma ba su tsira ba. Ina ajiye samfurin wake a gida, da babu mage ɓeraye suka samu gari, suka shiga cikin soso suka yi sheƙa. Wari ne ya sa aka fitar da su.

To ga abin da nake so ki riƙe daga wannan. Mage ba da mugunta take yakushin kujera ba. Wasa farcenta take yi, kamar yadda muke yanke namu, kuma duk duka ba zai hana ta ba. Abin da take nema shi ne wurin da farce zai shiga ya kama. Saboda haka duk yadin da saƙarsa ta yi sako-sako, ko aka yi masa ado da zaren da ya taso sama, ko yake da ƙananan madaukai kamar tawul, ki bar shi a shago komai kyansa. In kin je wurin masu kushin, ki ce su yanko miki ƙyalle. Ki ɗaga shi sama ki dubi rana ta ciki. In haske yana ratsowa ta ramuka, farce ma zai ratsa. Sannan ki ja bakin allura a kansa a hankali. In ta kama zare ta ɗago, kin ga abin da Madara za ta yi cikin mako guda. Kada ki ji kunyar yin haka a gaban mai shago. Ni kunyar tambaya ce ta sa na kwashi abin da na kwasa.

Kuskurena na biyu ya shafe ki, kuma ina jin kina tune da shi ko da ba ki taɓa faɗa ba.

Saboda ɓerayen nan mamanki ta karɓo 'yar kyanwa daga maƙwabta, ba ta ma nemi izinina ba, ni kuma ba ni da bakin hanawa. Ke kika sa mata suna Toka, ita ce kakar Madara. Da zan sake kujeru sai na yi wa kaina dabara, na ce tun da zare ne matsala, bari in sayi abin da ba shi da zare. Na sayo baƙaƙe masu sheƙi, mai shagon ya ce fata ce. Leda ce. Toka ba ta damu da wasa farce a kansu ba, amma duk sanda ta yi tsalle ta hau ko ta sauka, sai ta bar ƙananan huji. Zafin bazarar garin nan ya ƙarasa aikin. Daga kowane huji leda ta fara tsagewa tana ɓarewa, baƙo ya tashi ka ga baƙin ɓawo manne a bayan farar rigarsa.

Wata rana na dawo daga kasuwa raina a ɓace, na tarar da sabon jerin huji a hannun babbar kujera. Na ɗaga murya na ce, "Ina magen nan take?" Kina firamare lokacin, ko kayan makaranta ba ki cire ba. Kika fito daga ɗaki kika tsaya a gabana kika ce, "Baba, ni ce. Da biro na yi."

Yagana, na san ba ke ba ce. Hujin a jere suke, a lanƙwashe, daidai tafin mage. Babu biron da ke yin haka. Na kuma gane dalilinki nan take: wani ya ba ki labarin buhun wake. Duk da haka na ce ki miƙo hannu, na cire takalmina na buga miki a tafi. Na karɓi ƙaryar taki ne don ta fi min sauƙi. Fushina yana neman inda zai sauka, ke kuma kin tsaya. Ba ki yi kuka a gabana ba. Da na wuce ta tagar ɗakinku na hango ki zaune a ƙasa, Toka a cikin hijabinki, kina hura tafin hannunki.

Da mamanki ta ji, ta same ni ta ce, "Maigida, ka san yarinyar nan ba ta yi ba."

Na ce, "Ita ta ce ta yi."

Ta ce, "To ka tambayi kanka me ya sa ta ce."

Ban tambayi kaina ba a lokacin. Na fita masallaci. Ban kuma taɓa ce miki ki yi haƙuri ba, har kika girma kika gama karatu kika fara koyarwa. Yau nake cewa. Ki yafe min, uwata. Hannun nan naki bai yi komai ba.

Game da leda, ki guje ta gaba ɗaya. Ko babu mage ba ta jure zafi, da mage kuwa abin ya zama biyu. In mai shago ya ce miki fata ce, ki juya bayan ƙyallen. In kin ga an manna shi a kan wani yadi fari, leda ce. Fatar gaske bayanta gashi-gashi ne, kuma hancinki zai gaya miki. Ita fatar gaske ba ta ɓarewa, amma tana riƙe tabo. Tumtum ɗin nan na fata da ke ɗakina ya girme ki, duk magen da ta zauna a gidan nan ta bar masa alama, ina shafa masa man kaɗanya yana nan garau. In zuciyarki za ta iya kallon tabo ba ta tashi ba, fata ba laifi. In kin gado ni a wannan, kada ki saya. Kuma duk abin da za ki ajiye a falo, in ya kai matsayin da yaro zai yi ƙarya saboda shi, ya yi wa gidanki girma.

Kin san abin da na yi bayan haka, don a cikinsa kika tashi. Maimakon in gyara tunanina, sai na sa aka sake wa kujerun sabuwar leda, na lulluɓe su da farar roba, na sa wa falon kwaɗo, mabuɗi a aljihuna. Ɗaki mafi girma da iska a gidan nan ya zama na baƙi kaɗai. Ku kuna cin abinci a baranda, kuna karatu a baranda, in hadari ya taso ku kwashi littattafai ku cushe a ɗakin mamanku. Na ɗauka tsari nake yi. Yanzu in na tuna ku a takure kan tabarma ɗaya cikin zafi, ƙofar falo a kulle a bayanku, sai in rasa inda zan sa fuskata.

Toka ce ta kawo ƙarshen wannan. Ragar tagar falon ta yage ta gefe ban sani ba. Tana da ciki, tana neman wurin da babu hayaniya, kuma babu inda ya fi falona shiru. Ta shiga ƙarƙashin babbar kujera, ta yaga siririn baƙin ƙyallen da ake rufe gindinta da shi, ta haihu a ciki. Ranar da na dawo daga aikin Hajji aka buɗe falo, mutane suka cika. Limamin unguwarmu, dattijo ne da kowa ke jin nauyinsa, aka zaunar da shi a babbar kujera. Yana cikin addu'a sai ga wani siririn kuka. Ya ƙarasa, aka shafa, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, ina jin akwai masu gida a ƙarƙashina."

Aka ɗaga kujerar. Ga Toka kwance cikin soso da 'ya'yanta, idonsu bai ma buɗe ba. Na fara ba da haƙuri ina cewa a kawo kwali a fitar da su. Liman ya ce a bar su inda uwarsu ta zaɓa, ya sauko ya zauna a kan darduma, sauran mutane suka bi shi. Haka aka yi taron a ƙasa, kujeruna suna tsaye a bayanmu cikin roba babu kowa a kai.

Da baƙi suka watse, mamanki ta shigo da wani matashi a hannu, ta ajiye a gabana. Tsohon matashi ne da ta ɗinka wa riga da ragowar wandon jins na yayanki. Ta ce, "Alhaji, a kan wannan Toka take kwana tun tana ƙarama. Duba ko zare ɗaya ya fita." Na juya shi, babu. Ta ce, "Farcenta kuma a kan guntun itacen da ke bayan kicin take wasawa. Ni ban taɓa dukanta ba. Ka buɗe mana ɗakin nan mu zauna."

Ban amsa mata a ranar ba, girman kai bai bari ba. Amma ban mayar da kwaɗon ba.

Kujerun da ke falonmu yanzu, waɗanda kike cewa sun yi kama da na ofis, daga wannan matashin aka samo su. Na kai shi wurin mai kushin na ce irin wannan saƙar nake so. Ya yi ta ƙorafi wai ba ta da ado, wai mutane za su ce Alhaji ya tsiyace. A karon farko maganar mutane ba ta juya ni ba. Ki duba tsawon lokacin da suka yi, mage nawa suka hau su, har yanzu babu inda ya warware.

Don haka ki nemi yadi mai matsattsiyar saƙa, mai santsi, irin kanbas ko mai kaurin jins. Akwai kuma wani mai laushi kamar bayan fata da masu kushin suke da shi yanzu, farce yana zamewa a kansa, ruwa ma ba ya saurin shiga. In ado kike so, kuma na san amarya tana so, karammiski mai gajeren gashi ya fi yadda ake zato. Gwaggonki tana da shi, ki shafa ki ji, babu madaukin da farce zai kama. Aibinsa kwasar gashi, sai kin riƙa bin sa da ɗanyen tsumma. Nan ne launi ya shigo. Madara fara ce. In kika sa ja mai duhu ko baƙi, kowane gashi nata zai fito kamar an watsa gari, ki wuni kina kakkaɓa. Ki nemi ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, ko mai ɗan zane da ke ɓoye abu.

Hannun kujera ya zama na katako, don nan ne mage ta fi so. Katakon kuma na gaske, maɗaci ko makamancinsa, ba garin katakon da aka matse aka manna wa takarda mai sheƙi ba. Shekarar da ruwa ya shigo gari kin ga yadda irin waɗancan suka kumbura suka ruguje a gidajen maƙwabta, namu kuwa soso kawai aka sake. Ki sa a rufe gindin kujerar da siririn falanki maimakon ƙyalle. Rigunan kushin su zama masu zif da za ki cire ki wanke, a sa roba tsakanin riga da soso, don in fitsarin mage ya shiga soso, duk turaren wutar Barno ba zai kore shi ba. Na gwada. Kujerun kara da na kaba ki bar su, a wurin mage wannan gayyata ce. Labule mai tuntaye ma haka.

Ban san ko angonki Mustafa mai son mage ba ne. Na tambaye shi ranar da ya zo gaisuwa, ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da kike so shi ma yana so. Haka kowane ango yake cewa. Ki zauna da shi tun kafin a sauke kaya, ku yanke inda za ta shiga da inda ba za ta shiga ba, ki ajiye mata kwanon yashinta nesa da falo, ki riƙa sauyawa a kan kari. Kada ki bari sai ransa ya ɓaci sannan a yi maganar, don mutum in ransa ya ɓaci a kan kaya yakan yi abin da zai daɗe yana cizon yatsa. Kuma watarana baƙuwa za ta zo, wataƙila daga danginsa, ta ga tabo a kujera ta yi dariya. Ki yi dariyar tare da ita ki zuba mata shayi. Za ta koma gidanta ta manta kafin magariba. Alhaji Goni da na tuna masa maganar gemu bayan shekaru, rantsuwa ya yi bai san ya faɗa ba.

Wannan duk shawara ce, ba umarni ba. Falon naki ne. Na gaya wa mamanki in an gama gyaran jikin ta raka ki wurin masu kushin, ku yanko ƙyallaye ku kawo gida ku shimfiɗa wa Madara, ki gani da idonki. In bayan haka zuciyarki tana kan jan nan mai zinariya, shi za a kai miki, kuma ba za ki ji ko tari daga bakina ba.

Akwai wani abu da na yi da ban gaya wa kowa ba sai da mamanki ta kama ni. Na samo guntun itace mai kauri, tsayinsa ya kai ƙuguna, na kafa shi a kan falanki, na naɗe shi da igiyar rama tun daga ƙasa har sama. Na yi ne don ki ajiye shi kusa da kujera a can, Madara ta samu inda za ta wasa farce. Ni ba kafinta ba ne, ya ɗan karkace, ƙusa guda ma ta leƙo sai da na lanƙwasa ta. Mamanki ta gan shi a zaure ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce a cikin kayan amarya dai ba za a jera wannan ba, sai dai a sa shi a but ɗin mota a rufe da zane. Na yarda.

Madara ta yi kwanaki ba ta kula shi ba. Tun da kika tafi ba ta da walwala, tana zagaya ƙofar ɗakinki tana kuka. Sai na goga masa ɗan bandar kifi. Yanzu kullum da safe nan take fara zuwa, ta miƙe tsaye ta kafa farata ta ja, ni kuma ina zaune da kofin shayi ina kallonta. Ban taɓa tsayawa na kalli mage tana yin haka ba tare da na nemi abin jifa ba. Ashe har lumshe ido take yi.

In kin ga rubutun nan ya karkace daga tsakiya, ita ce ta hau cinyata ta kwanta, ban kuma iya ture ta ba.

Allah ya yi miki albarka, Yagana. Allah ya kai ki ɗakinki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya ba ki haƙuri da abin da ke ƙarƙashin hannunki, mutum ne ko dabba. Allah ya sa mijinki ya fi mahaifinki sanyin zuciya. Allah ya jiƙan Ya Kaltum, ya haskaka kabarinta. In kin idar da salla ki sa ta a addu'a, ni ma ki sa ni.

Ki gaida gwaggonki da kyau.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Modu